Umma Mai Ƙirga Gaggafa

Unguwar Uhudu, Madina
8 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Mimi,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Lurwanu da mutanen gidansu. Mu nan kalau muke. Yayanki da matarsa Sumaya da yara duk suna gaishe ki.

Ki duba rubutun nan da kyau. Nawa ne, da hannuna, ba wanda na sa ya rubuta min. An cire min yanar idon dama, daga baya aka yi na hagu, kuma Allah ya sa an dace. Ranar da likita ya ɗaga audugar, abin da na fara gani shi ne furfura a kan yayanki. Ashe ya tsufa ba wanda ya gaya min. Da muka dawo gida na ga labulen ɗakina da nake zaton ruwan ƙasa ne, ashe kore ne mai manyan furanni, kuma ba shi da kyau ko kaɗan. Da la'asar na tsaya a taga na ga dutsen Uhudu da jan jikinsa da tsagoginsa, har da masu ziyara suna hawa ɗan tudun nan na gabansa. Shekara biyu ina zaune a gindinsa, sai yanzu muka ga juna.

Kin san kunnena a waya: kina magana ina "na'am, na'am" har ki gaji. To tunda ido ya dawo, takarda nake so. Ki rubuto da hannunki ki ba masu zuwa umara. Wannan takardar kuwa Hajiya Uwa ta Tudun Wada za ta kawo miki.

Yanzu ga labarin da zai ba ki dariya. Muna da maƙwabciya, Sundus, malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. 'Yar ƙasar nan ce, amma kakanta daga Katsina ya zo hajji a ƙafa bai koma ba. Hausarta rabi Larabci ce, sauran rabin kuma irin ta kakanninmu. Ta shigo yi min barka da ido, ta tarar da ni a taga ina kallon wata shirwa.

Ta ce, "Ya Khala, kina ganinta daga nan?" Khala take ce min, wato inna.

Na ce, "Har tsagin jelarta."

Ta ce, "Halas, shi ke nan. Ranar Asabar za ki bi ni dutse."

Ashe suna da ƙungiya ta masu sa kai. Duk kaka sukan hau wani tudu a hanyar Khaibar su zauna suna ƙirga shaho da shirwa da gaggafa masu tahowa daga ƙasashen sanyi za su haye zuwa Afirka. Na ce mata, "Sundus, manya da ku, da aikinku da iyalinku, ku rasa abin yi sai ƙirga tsuntsaye?" Ta yi dariya ta ce in zo in gani, in bai yi min ba ta dawo da ni kafin azahar.

Na je ne don kada in kunyata ta. Mun fita bayan asuba. Wurin baƙin dutse ne iya ganinki, kamar an ƙone ƙasar, sun kafa 'yar rumfa a sama. Na sha shayi, na ci burodin tamis, na fara hamma. Da rana ta ɗaga sai Sundus ta miƙo min madubin hangen nesa, darbil suke ce masa, ta ce, "Shufi, duba can sama da farin gajimaren nan." Na laluba na laluba, sai ga su. Mimi, kin san yadda ganyen shayi yake juyawa in an gauraya kofi? Haka suke a sama, suna zagayawa suna hawa, ba mai kaɗa fiffike. Da suka kai inda suke so sai suka miƙe kudu ɗaya bayan ɗaya.

Ba a dawo da ni kafin azahar ba. Ni ce ma ta ƙarshen shiga mota.

Ki gaishe min da Gwaggonki Amatullahi. Ki rubuto.

Ummanki,
Zulaiha

*

Samaru, Zariya
21 ga Satumba

Umma,

Wa'alaikumus salam. Mun wuni lafiya, kuma Lurwanu yana miƙo gaisuwa ta musamman. Alhamdu lillahi da samun sauƙin ido.

Da Hajiya Uwa ta miƙo min ambulan na ga bayansa, a tsaye na fara kuka. Wannan "m" ɗin naki mai ƙafa uku a miƙe, wanda kike cika min littafin lissafi da shi da jan biro, ban zaci zan sake ganinsa ba. Na karanta sau uku, na karanta wa Lurwanu, na kai wa Gwaggo. Gwaggo ta ce in tambaye ki, mutane suna sayar da gona su je Madina ibada, ke kuma kin bar Harami kin hau dutse kallon shirwa? Ta ce in shirwa kike so, akwai wadda ta addabi 'yan tsakinta, ki zo ki ƙirga ta. Amma tana faɗa tana share hawaye, don haka kada ki ɗauka da zafi.

Ni dai tambayata biyu ce. Gwiwarki fa? Wa yake riƙe ki a hawa da sauka? Sannan in an ƙirga su, sai a yi yaya da lissafin?

Umma, tun rasuwar Abba ban ji muryarki irin ta cikin takardar nan ba. In na kira, ba ki wuce "lafiya lau, Allah ya yi albarka." Yau na ji ki kina zagin labule. Na gode wa Sundus tun ban san ta ba.

Nan babu wani labari. An yi ruwa sosai bana, masarar bayan gida ta yi kyau. Na ɗauki hutu daga makaranta, ina gida kwanakin nan, ba na fita ko'ina. Ba abin damuwa ba ne.

Na sayo miki rigunan sanyi biyu da safa, tunda kin ce sanyin Madina yana shiga ƙashi. Zan ba wanda zai taho a Nuwamba. Yaji da kuka da daddawa suna cikin ledar da ke tare da wannan takarda.

'Yarki,
Mimi

*

Unguwar Uhudu, Madina
12 ga Oktoba

Mimi 'yata,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso, da yaji da kuka, Allah ya yi albarka. Lafiyarmu ƙalau. Ki gaya wa Gwaggonki Juma'a ba ta wuce ni a Harami, kuma wanda ya halicci Harami shi ya halicci gaggafa.

Gwiwa tana nan da halinta, amma mota tana kai mu kusa da rumfar, abin da ya rage kaɗan ne, Sundus tana riƙe ni. Yanzu Asabar da Talata nake zuwa, don ranar Talata ba ta da aji da safe.

Kin tambayi amfanin lissafin. Nima na tambayi shugabanmu a dutsen, Dakta Hamid, mutumin Sudan ne, yana jin Hausa irin ta can. Ya ce in an ƙirga bana, an ƙirga baɗi, an ƙirga baɗin waccan, sai a gane ko suna raguwa. Ya ce gaggafa sukan sauka a kan turakun lantarki wuta ta kashe su, wasu kuma guba suke ci a mushe. In ba ka da lissafi a hannu, wa zai saurare ka? Wannan kam na gane shi, shekara talatin ina gaya wa yara haka a aji.

Kada ki zaci na iya tun farko. Ranar da aka fara ba ni gefe in tsare, na ƙirga garke ɗaya sau biyu, don sun ɓace a bayan tudu sun sake fitowa. Wata rana kuma na tashi tsaye na ce ga wata babba can ita kaɗai. Kowa ya juya darbil. Baƙar leda ce iska ta ɗauka. Dakta Hamid bai yi dariya ba, ya dai tambaye ni ko mace ce ko namiji.

Suna da ɗan abin latsawa na ƙirga, ni kuma na ce carbin yatsana mai lamba ya ishe ni. Duk goma in latsa sau ɗaya. Matsalar ita ce ranar farko ban goge istigfari ɗari na asuba ba, sai lissafina ya fi na kowa da dubu. Yanzu carbi biyu gare ni, kore na Allah, baƙi na tsuntsaye.

Bari in ba ki labarin Asabar da ta wuce. Kwana da kwanaki iska tana kaɗowa daga kudu, ba abin da ke wucewa, mun gaji da kallon sama wayam. Ran nan da hantsi sai ta juya. Na ji ta a bayan wuyana kafin kowa ya yi magana. Sundus ta ajiye kofin gahawa ta ce, "Yau ne, Khala." Can sai ga ɗigo-ɗigo daga arewa, sannan ɗigon ya zama layi, layin ya cika sama. Gaggafa ne manya, masu ruwan ƙasa, fiffikensu kamar yatsun hannu a buɗe. Baƙin dutsen nan in ya ɗau zafi yakan tura iska sama, ita suke hawa. Wasu sun sauko ƙasa-ƙasa har na ga ɗaya ta karkato kai ta dube ni. Kowa yana ta latsawa. Mun haura dubu biyu kafin azahar. Sai da aka kira salla na lura tun hantsi a tsaye nake, kujerata tana bayana, gwiwar ma ta manta da kanta. Sundus ta rungume ni tana ta zuba Larabci, ni kuma ina ta "Tabarakallah." Da Abbanku yana nan da ya ce na haukace, sannan ya karɓi darbil ɗin ya hana ni.

Yanzu ke. Kin ce kin ɗauki hutu kina gida. A tsakiyar zango? Na san halinki. In da shugabar makarantarku kuka sake haɗuwa, ki yi haƙuri ki koma aikinki, shugabanni wucewa suke yi. In kuma a cikin gida ne, Malam Lurwanu mutumin kirki ne, a zauna a yi magana.

Rigunan sanyi ki bar su, ba na jin sanyin bana zai same ni a gidan nan. Na buɗe akwatin Abbanku na rabar da kayansa, hula ɗaya kawai na ajiye. Na je bakin maƙabartar Baƙi'a na tsaya ta wajen katanga, na yi masa doguwar sallama, na gaya masa abin da ke gabana. Dakta Hamid ya ce zuwa ƙarshen Nuwamba an gama. Daga nan nima sai shirin tafiya. Hankalina a kwance yake, ban taɓa jin sauƙi irin wannan ba. Kada ki matsa wa yayanki da tambaya, na hana shi magana.

Ummanki

*

Samaru, Zariya
9 ga Nuwamba

Umma,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, kuma wannan karon da gaske nake tambaya.

Takardarki ta watan jiya sai yau ta zo hannuna. Wanda kika ba ya wuce Makka, ya dawo Kano, ya manta da ita a aljihun jaka. Duk tsawon lokacin nan ina jira, ina cewa dutse ne ya ɗauke miki hankali. Na karanta labarin leda ina dariya, na karanta na gaggafa, sai na kai ƙarshe.

Umma, mene ne za a gama a ƙarshen Nuwamba? Wane irin dakta ne wannan da yake bin ki har kan dutse? Wace tafiya kike shiri da sai kin rabar da kayan Abba kin yi sallama da Baƙi'a? Matar mutumin da ya kawo takardar ta ce ta gan ki, kin rame kin yi baƙi.

Na kira ki, kin ce "lafiya lau, lafiya lau," kin kashe. Na kira Yaya Abdulwahab, ya ce, "Umma ce za ta gaya miki da kanta." Haka ya ce min lokacin Abba. Kullum "yana samun sauƙi," har ranar da ya kira ya ce an kai shi. Ban ga Abba ba, ban yi masa sallama ba, ban san kabarinsa ba. Ba zan yarda a sake yi min haka ba.

Na san burinki ne a binne ki kusa da shi, kuma wace ce ni da zan ce wa mahaifiyata ta baro Madina? Shi ya sa shekara biyu ban taɓa cewa ki dawo ba, ko da wasa. Amma tunda abin ya zo haka, ga abin da nake ɓoyewa. Ba faɗa na yi da kowa ba. Ciki gare ni, wata shida. Likita ce ta ce in kwanta in huta, saboda biyun da suka zube a baya. Na yi shiru ne don kada in sa miki rai a karo na uku ki sake yin kuka daga nesa. Yanzu yana motsi, Umma, yana shurina ina rubutun nan.

In ciwo ne, ki gaya min sunansa. In ba zan iya hawa jirgi ba, Lurwanu zai zo. Ba zan jira mai umara ba, zan ɗauki hoton takardar nan in tura wa Anti Sumaya yanzu.

Mimi

*

Unguwar Uhudu, Madina
10 ga Nuwamba

Mimi, 'yar albarka,

Wa'alaikumus salam. Lafiyata ƙalau. Na sake rubutawa da manyan baƙi: LAFIYATA ƘALAU. Ba ni da ciwon komai sai gwiwa, ita kuma kin san ta tun kina firamare.

Dakta Hamid likitan raƙuma ne. Abin da za a gama a ƙarshen Nuwamba ƙirga ne, don lokacin na ƙarshensu suke wucewa. Ramar da aka gani ta hawan dutse ce, baƙin kuma na rana. Tafiyar da nake shiri kuwa Zariya ce. So na yi ki ji sallama a ƙofa ki fito ki gan ni da akwati, shi ya sa na ɗaure bakin yayanki. Da na sake karanta abin da na rubuta a zuci, na ga ko ni aka aiko wa haka da na fara karɓar gaisuwa. Ki yafe min. Yayanki ma ya ce in roƙar masa, ta Abba da ta yanzu. Ya daɗe yana so ya faɗa miki, bai san ta inda zai fara ba. Zai kira ki, ki saurare shi.

A kan dutse saƙonki ya same ni. Sumaya ta tura wa Sundus, Sundus ta miƙo min waya ta ce, "Daga bintiki ne, wai da gaggawa." Na karanta farkon ina cewa wayyo yarinyar nan, wayyo. Da na kai wurin wata shida sai na zauna a kan dutse mai zafi ban ji zafinsa ba. Sundus ta tsorata ta ce, "Khair, Khala? Mutuwa aka yi?"

Na ce, "Haihuwa za a yi."

Ba ta tsaya jin sauran ba, ta ɗora hannu a baki ta rangaɗa guɗa irin ta Larabawa, dutse ya amsa. Dakta Hamid ya zo da gudu yana zaton maciji ne. A cikin wannan hayaniya wani garken shirwa ya wuce ta gefena ba wanda ya ƙirga shi. Aka rubuta "kimanin arba'in." In lissafin bana ya karkace, jikana ne ya jawo.

Ni da nake alfaharin daga tafiyar ɗaliba nake gane abin da ke damunta, ga 'yata ta rubuto tana kwance a gida, na hau yi mata wa'azin shugabar makaranta.

Abin da kika faɗa game da burina gaskiya ne. Da aka binne Abbanku na ce shi ke nan, nan zan zauna har a kira ni. Daga ɗaki sai Harami, daga Harami sai ɗaki, ga duniyar duk ta zama hazo. Ban san ina kewar kowa ba, don ban bar kaina na sani ba. Watannin nan biyu ina fita ina dawowa da yunwa, ina barci kamar yarinya, ina faɗa da mutane a kan ko wancan shaho ne ko shirwa. Wata Talata muna saukowa na ji ina so in ba wani labari, kuma ke nake so in ba, a zaune, ina ganin fuskarki. A motar na yanke shawara. Inda zan mutu Allah ya riga ya rubuta, zamana a taga ba zai canja shi ba.

To ina zuwa. Amma ba gobe ba, kada ki ɓata rai. Haihuwa sai Fabrairu in Allah ya kai mu, ni kuma na yi wa mutanen nan alkawarin gefen arewa har ranar rufewa, kuma ba su da yawa. Yayanki ya kama min jirgin farkon Disamba zuwa Kano.

Ki kwanta yadda likita ta ce. Kada ki share ɗaki, kada ki ɗaga ko bokiti saboda zuwana. Malam Lurwanu ya zo da mota mai babban but, Sundus ta yi min odar dabinon Khaibar kamar zan buɗe shago.

Sumaya za ta ɗauki hoton wannan ta turo. Ta takardar kuma da hannuna zan kawo miki.

Ummanki

*

Samaru, Zariya
11 ga Nuwamba

Umma,

Wa'alaikumus salam. Lafiya lau, mu biyun.

Likitan raƙuma. Lurwanu ya yi dariya har ya ƙware, ni kuma ina kuka ina dukansa da filo. Jiya na ci tuwo na ƙara.

Yaya ya kira. Mun daɗe a waya, kuma mun gama lafiya.

Na yarda ki ƙarasa ƙirgarki, ko da yake ban taɓa jin inda aka ajiye mai ciki a layi bayan gaggafa ba. Gwaggo ta ce za ta zo tarbarki har Kano don ta ga abin da dutse ya mayar da ke.

Mimi

*

Samaru, Zariya
6 ga Afrilu

Yaya Abdulwahab,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Sumaya da yara. Mu nan lafiya lau. Mun yi arba'in, na fara fita, jaririya tana ta ƙiba. Umma ta ce ba a ba da labarin kirki a waya, don haka ga takarda.

Hotunan suna ka gani, amma ba ka ga Umma ranar da aka raɗa ba. Da liman ya ce Zulaiha, ta sunkuyar da kai kamar ba da ita ake ba. Daga baya na same ta a ɗaki ita da yarinyar, tana gaya mata, "Sunan nan na riƙe shi shekara sittin da takwas, ban ɓata shi ba, ke ma ki kula." Mu dai Nana muke kiranta.

Ita ta yi min wankan jego daga farko har ƙarshe, ta hana Gwaggo taɓa ko ganye. Kunun kanwa kuwa na sha har na roƙi a yi min afuwa.

Darbil ɗin da Sundus ta ba ta ya tayar da unguwa. Kullum da hantsi tana kan bene. Da farko maƙwabta sun zaci leƙen gidajensu take, har matar Alhaji Saminu ta zo da magana a bakinta. Umma ta ja ta sama ta ɗora mata shi a ido. Yanzu ita ce take riga kowa zuwa, da kujerarta. Ranar Lahadi kuma Lurwanu ya zama direba, yana kai su fadama. Gwaggo tana bin su, wai don ta tsare mutuncin gida.

Ga maganar da ta sa na rubuto. Umma ta ce ƙarshen Agusta za ta dawo wurinku, don a fara ƙirga da ita. Na yi fushi na kwana biyu, sannan na haƙura, don na ga yadda take in tana maganar. To ga sharaɗina, kuma da kai nake yi ba da ita ba: kaka taku ce, daga Disamba tamu ce. Ranar da aka rufe ƙirga ka sa ta a jirgi. Sannan duk abin da ya same ta, ko tuntuɓe ne, ka gaya min a ranar.

Yanzu haka ina jin takunta a saman kaina, Nana tana goye a bayanta. Ga ta ma tana saukowa, ta ce in bar mata wuri a ƙasan takarda.

Ƙanwarka,
Mimi

Kai, ina gaishe ku duka. Ka rage aiki, ka riƙa cin abinci. Sharaɗin ƙanwarka na ji, na sa hannu. Ka haura wurin Sundus yau ba gobe ba, ka ce mata da hantsin nan na ga gaggafa bakwai masu komawa gida sun hau sama a kan fadamar Samaru, sun miƙe gabas maso arewa ba su waiwayo ba. Ta fara duba sama.

Umma